Littafin Baturen Fata

Ku da kuke wucewa ta gaban rumfata a kan kekuna kuna cewa, “Baba Sale, har yanzu basilla? Ai keken ɗinki ya zo,” ku ɗan taka birki. Ran nan na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai dukanci ba komai ba ne, fata ce da zare, duk wanda ya iya ɗaure wandonsa ya iya. Ban tanka ba, akwai zare a bakina. Yanzu da hannuna ya koyi riƙe fensir, ga amsarku.

Shekara tara na yi a gaban Baba Tanko a Paki kafin ya yarda in yanka fatar da ba tawa ba. A shekarar farko ko wuƙa ban taɓa ba. Aikina jiƙa karan dafi don jan launi, haɗa kuloko don baƙi, da murza fata har ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Yakan miƙo mini fata ya ce in rufe ido in gaya masa inda ƙaya ta taɓa yagar dabbar tun tana da rai. In na kuskure sai ya ce, “Kai Sale, wannan hannu ne ko kofato?” Da ya rasu na gaji wuƙarsa, wadda wasawa ta cinye har ta koma faɗin yatsa, da basilla uku, da ƙarfen zane, da dutsen guga. Su ne a gabana har yau. Ku kuma kun sayi almakashin kanti jiya, yau kuna neman a kira ku dukawa.

Aikin da ya fi kowane daraja a wurinmu shi ne tadarishi, wato bangon fata da ake yi wa littafin malamai. Littafin malami ba a ɗinke shi. Warƙoƙinsa a sake suke, a tattara su a sa cikin tadarishi, a naɗe da igiya, a zura a gafaka. Malami ya zari warƙa uku ya ba wannan ɗalibi, ya zari biyar ya ba wancan. Kuma ba sa rikicewa, domin a ƙasan kowace warƙa marubuci yakan sa kalmar da za ta fara ta gaba. Ko iska ta watsa su, malami zai mayar da kowace gidanta kafin shayinsa ya huce. Baba Tanko yakan ce ɗinki na takalmi ne, littafi kuwa lulluɓe shi ake yi. Da wannan na tashi, kuma da wannan na kusa kashe kaina a sana’a.

Shekara biyu bayan an ba mu mulkin kai aka yi muguwar shekara. Ƙazuwa ta shiga awaki tun daga Kurmin Kogi har Kudan, majema suna kawo fata ka ɗaga ta sama ka ga rana ta cikinta kamar rariya. A daidai lokacin takalman roba suka cika kasuwa. Mutumin da ubansa da kakansa suka taka aikin hannunmu sai ga shi yana tafe ƙyas-ƙyas cikin roba, ƙafarsa tana wari, yana murna wai ba ta jin ruwa. Malamai ma suka fara sayen littattafan ɗab’i daga Kano masu bangon kwali. Mu bakwai ne a layin dukawa na kasuwar Makarfi, kafin damina ta yi tsaka saura mu biyu. Sauran sun tafi fadamar Kudan ƙwadagon rake. Ni ma na riga na gaya wa mai ɗakina in kaka ta yi zan zuba kayan aiki a tukunya in rufe.

A cikin wannan hali Baturen Fata ya tsaya a rumfata. Haka kowa ke kiransa. Wani kamfani yake saya wa fatu, yana zuwa duk ranar kasuwa da tsohuwar mota, amma bai taɓa zuwa ko’ina ran Asabar ba. Bayahude ne, daga can ƙasashen da aka yi babban yaƙi, wanda aka kwashi samarinmu zuwa Bama. Gajere ne mai sanƙo, kuma ya san fata. Shinshina ta yake yi ya gaya maka ko a inuwa aka shanya ta ko a rana. ’Yan zaman kashe wando na bakin tasha suna da labarai iri-iri a kansa, alhali ba wanda ya taɓa kama shi da tauye kowa ko da fata ɗaya.

Ya ajiye wani ƙunshi a kan tabarmata ya kwance. Littafi ne mai kauri. Rufin ɗakinsa ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa shi, gara kuma ta riga ta cinye gindinsa, wasu ’yan zaruruwa ne kawai ke riƙe da warƙoƙin.

Ya ce, “Malam Sale, an ce kai ne ka iya bangon littafi.”

Na ce, “Wanda ya faɗa bai yi ƙarya ba, Bature.”

“Wana ne ya rubuta wannan. Ya mutu a yaƙi. Kaɗan aka buga, kuma ban san inda wani yake ba a duniya. Zan tafi Gusau, in dawo bayan kasuwa huɗu. Ka gyara shi.”

Duk layin ya ji, har mai tsire ya leƙo. Na ɗauki littafin na ga daga dama ake buɗe shi kamar namu, na ce a raina aƙalla mutanen nan sun san gefen da ake shiga littafi. Wannan ya ƙara mini ƙwarin guiwa, kuma shi ya ruɗe ni.

Washegari da hantsi na yi abin da na saba yi wa kowane jiƙaƙƙen littafi. Na sa wuƙa na yanke sauran zaruruwan, ina ma tsaki, wane marar kunya ne ya ɗinke littafi kamar buhu. Na shimfiɗa tabarmi a zaure, na baza warƙoƙin a inuwa, kowace da tsakuwa a kanta. Wadda ta riga bushewa in ɗauke ta in ajiye gefe, ta tsakiya ce ko ta ƙarshe, ban damu ba. Kwana uku ina wannan. Da suka bushe na goge su da dutse, na tattara, na kai wa Malam Isiyaku, wanda nake yi wa tadarishi tun ina saurayi, don ya jera mini su.

Ya ɗauki warƙa ɗaya ya kai kusa da ido, ya juya ta, ya sake juyawa.

“Sale, wannan ba Larabci ba ne.”

“Na sani, Allah gafarta Malam. Kalmar ƙasan nan kawai za ka duba ka haɗa da ta sama, ai ko ba a san harshe ba ido zai gane kama.”

“Wace kalmar ƙasa?”

Na karɓa na duba. Ƙasan warƙar fari fat. Na ɗauki wata, haka. Na ɗauki ta uku.

Malam ya ce, “Rubutun mutanen Annabi Musa ne, kuma na inji. Masu inji ba sa sa kalmar ƙasa, lamba suke sawa a kusurwa. Ga ta nan, irin ta boko. Kafin ka yanke zaren ba ka duba ba?”

Ban duba ba. Shekara ashirin da wani abu ina taɓa littattafai, ban taɓa ganin wanda ba shi da ita ba, don haka ban ga dalilin dubawa ba. Ga ni da warƙa kusan ɗari biyu a cakuɗe kamar ganyen da aka share, littafin mamaci, wanda babu na biyunsa.

Akwai ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la’asar a zauren mai unguwa. Ni ne kan gaba wajen yi musu dariya, ina cewa gemu ya koma allo. Ran nan na saɓa gafakata na shiga. Malam Garba, tsohon akawu mai koyarwa, ya gan ni ya ajiye alli.

“A’a! Baba Sale da kansa? Jama’a ku matsa, yau jahilci ya aiko wakili a yi sulhu.”

Aka kwashe da dariya. Na ce, “Ba karatu na zo ba, Malam. Lamba kawai nake so.”

“To lambar a wurinka kunu ce? Zauna.”

Na zauna tsakanin wani mahauci da wani mai jaki. Mako biyu ina zana ɗaya zuwa tara a ƙasa da tsinke, sannan yadda ake jera su su zama goma-goma da ɗari-ɗari. Hannun da ke iya raba fata biyu a kaurinta ya kasa yin takwas ba ta faɗi a gefe ba. Ban bar kowa ya taɓa littafin ba, ko Malam Garba, domin ni aka ba amana. In na dawo gida sai in ɗauki warƙa, in karanta kusurwarta da ƙarfi kamar mahaukaci, in nemi maƙwabciyarta. Mai ɗakina ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai ƙirgar takarda yana gumi kamar mai huɗa ba.

Lamba ta kai ni har kusa da ƙarshe, sannan ta yashe ni. Warƙoƙin baya, wajen talatin, gara ta cinye kusurwar da lambar take. Nan ne aikin Baba Tanko ya yi rana, ba na Malam Garba ba. Gara ba ta tsalle. In ta shiga littafi tana bi ne warƙa bayan warƙa, ramin da ta yi a wannan ya ɗan fi na mai bi mata faɗi ko ya ɗan karkata. Ruwa ma haka, shatin da ya bari yana raguwa a hankali. Na riƙa ɗaga warƙa biyu-biyu ina duba su a hasken rana, in bakin cin ya hau kan juna in san ’yan uwa ne. Kwana shida na yi a kan wannan. Wane keken ɗinki ne zai yi muku shi? Amma bakwai na can ƙarshe suka gagare ni. A manne suke lokacin da gara ta ci su, ta yanke su daidai wa daida kamar da wuƙa.

Ranar kasuwa ta huɗu Bature ya zo bayan azahar. Abokin zamana na layi ya ba ni shawara in cusa bakwai ɗin yadda suka zo in rufe bakina, wa zai sani. Irin shawarar da za ku bayar ke nan. Na shimfiɗa wa Bature buzu, na ajiye littafin a gabansa, bakwai ɗin a gefe, na gaya masa duk abin da na yi tun daga yankan zare.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

“Wa ya ce ka yanke?”

“Ba kowa. Haka muke yi.”

“Haka kuke yi.” Ya buɗe tsakiya ya duba lambobin, ya buɗe wani wuri ya duba. “Waɗannan daidai suke. Wa ya jera?”

“Ni. Sauran bakwai ɗin nan, sai ka karanta ka gaya mini wadda ke bin wata.”

Ya janye hannunsa kamar na miƙa masa garwashi. “Ban taɓa karanta su ba.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Littafin ɗan’uwanka, kana yawo da shi ƙasa-ƙasa, ba ka san ƙarshensa ba? Sai ya gyara zama ya ba ni labarin, da Hausarsa ta ’yan kasuwa.

Ya ce a wurinsu akwai wata tsohuwar tatsuniya. Wai a zamanin da, in an matsa wa mutanensu, wani babban malami yakan je bakin kogi ya gina ƙaton mutum da yumɓu, ya rubuta sunan Allah a takarda ya sa masa a baki, sai ya miƙe. Ya ɗebo ruwa, ya yi faskare, ya tsare ƙofar unguwa, ba mai iya ture shi.

Na ce, “A’uzu billahi. Gina mutum da ƙasa ai aikin Allah ne Shi kaɗai.”

Ya ce, “Malamanmu ma haka suka ce. Shi ya sa a tatsuniyar ba ya magana. Ƙarfi ne kawai, ba baki. Ba ya iya cewa a’a.”

“Ashe bawa ne.”

“Bawa ne. Wana yakan yi dariya ya ce, dubi bayi sun gina bawa wai ya ’yanta su.”

Labarin da ke cikin littafin kuwa na lokacin yaƙi ne. Sojojin Jamus sun tattara mutanensu a unguwa ɗaya, sun kewaye ta da katanga, ƙofa ɗaya tak, yunwa tana kashe su, kuma kowane wata ana kwasar wasu a jirgin ƙasa ba sa dawowa. A unguwar akwai wani magini mai gina wa mutane murhun ɗumama ɗaki. Jama’a suka taru suka roƙe shi ya gina musu mutumin tatsuniya. Ya ce shi ba malami ba ne. Suka nace. Sai ya fara a tsakar gidansa, daga ƙafafu. Wata bayan wata abin yana tashi, har ya wuce rufin gida. Sojoji suka mai da shi abin nishaɗi, suna zuwa kallo, suna ɗaukar hoto, har wani ya hau tsani ya kifa masa hula. Ranar da aka sa za a zura masa takarda a baki, tsofaffin unguwa suka taru suna addu’a, sojoji suka cika wurin suna dariya. Aka zura. Aka jira. Ko motsi.

Bature ya ce, “Nan na rufe. Na san yadda wana ya ƙare a unguwa irin wannan. Ban ga amfanin in karanta shi sau biyu ba.”

Ni ba malami ba ne, amma tun yana magana wani abu ke yi mini ƙaiƙayi. Na ce, “Bature, ƙofa ɗaya ka ce?”

“Ɗaya.”

“Ana barin su fita bakin kogi?”

“Wanda ya fita harbe shi ake yi.”

“To ƙasar fa?”

Ya dube ni. Na nuna masa bayan kasuwa, inda kududdufi yake cike da ruwan damina, agwagi suna iyo. Na ce, “Ka ga wancan? Katangar masallaci ce da gidajen layin nan suka fito daga cikinsa. Duk garin nan ba ginin da ba shi da raminsa. Ko tukunya ka gani, akwai inda aka bar rami dominta. Kai kuma ka ce mini an gina abin da ya fi soro tsawo a unguwar da ba a shiga da ko ƙwaryar ƙasa. Ina raminsa? Sojojin nan dai wawaye ne, masu kallon sama. Amma wan naka, ko dai bai san gini ba, ko kuwa ya sani sarai.”

Bature ya ce a hankali, “Ubanmu magini ne.”

Ya kai hannu ya ɗauki bakwai ɗin.

Ban taɓa ganin mai karatu irin wannan ba. Ya baza su a kan guiwa, ya karanta kan wannan da gindin waccan, leɓɓansa suna motsi. Yaran motarsa suka zo suka ce dillalai suna jira da fatu, ya kore su da hannu bai ɗago ba. Aka kira la’asar na tafi na yi salla na dawo, yana nan yadda na bar shi. Can ya miƙo mini ɗaya. Na karɓa na kifa a kan littafin. Ya miƙo ta biyu. Haka har shida. Ta bakwai ya riƙe ta ya daɗe, ko da yake rubutunta bai kai rabin shafi ba.

Na ce, “Akwai ramin?”

“A ƙarƙashin ɗakin maginin. Ya bi ta ƙasan katanga ya ɓulla bayan wata maƙabarta. Duk kwandon ƙasar da suka haƙo ba su da inda za su zubar a ɓoye, sai suka zubar a gaban kowa. Ranar da sojoji suka taru suna jiran gunki ya motsa, mata da yara suna ta wucewa a ƙarƙashin ƙafafunsu.”

“Tsofaffin da ke addu’a sun sani?”

“Sun sani. Su suka zaɓi su tsaya.”

“Maginin fa?”

“Shi ma. In ya tafi, wa zai riƙa liƙe tsagar da sanyi ke yi wa gunkin don a ga aiki yana ci? Washegari ya kwaɓa ƙasa ya hau tsani. Nan littafin ya ƙare.”

Na ce lallai wannan ya san sana’a. Bature bai ji ni ba, idonsa yana kan warƙar. Ya ce, “Bayan yaƙi wata mata ce ta kawo rubutun nan a cikin rigarta, ita ta kai aka buga. Daga unguwar su wana take. Na gode mata, na ba ta shayi. Ban tambaye ta ta ina ta fito ba.”

Ya miƙo mini ta bakwai. Na tambaye shi ko in yi masa tadarishi irin namu, warƙoƙi a sake. Ya ce, “Malam Sale, don Allah ɗinke shi. Da ƙarfi.”

Ban taɓa ɗinkin littafi ba, sai da na ɓata tsofaffin takardun aji guda biyu ina gwaji. Na yi wa gindin kowace warƙa ƙafa da siririn ƙyalle, na manna da kunun rogo da na dafa da sassaƙen maɗaci don gara ta ɗanɗana ta ba da baya. Na huda da ƙaramar basilla, na ɗinke da zaren da na murza da kakin zuma. Bango kuwa sai da na taka har Ikara kafin na sami fatar jan akuya ɗaya tak da ƙazuwa ba ta taɓa ba. Ban yi masa zane ko ɗaya ba, ya ce a bar shi haka.

Da ya zo karɓa ya juya shi, ya shinshina fatar, ya kama bango ɗaya ya girgiza littafin a iska da ƙarfi. Ba abin da ya faɗo. Ya sa shi cikin riga ta ƙirji ya ɓalla maɓalli. Dillalai suka taso masa da fatunsu, ya ce su kai wa yaransa, shi yau ba zai duba fata ba. Ya tambaye ni ƙarfe nawa ake rufe gidan waya a Zariya. Na ce ban sani ba, amma in ya kama hanya yanzu zai iske su. Ya ce matar nan da ta kawo rubutun zai rubuta wa, in tana da rai, ta tsufa ƙwarai. Ya shiga mota ya tayar.